DAREN 'YAN BILYAR A MANILA: BAIWAR ALLAH A HANNUN 'YAN CACA

Masu karatu da suka yi makarantar sakandare a nan Arewa cikin shekarun 1970 da na 1980 ba za su manta da malaman nan 'yan ƙasar Filifin ba, waɗanda suka koya wa 'ya'yanmu lissafi da kimiyya, haka kuma likitocinsu da nas-nas da suka yi aiki a asibitocinmu. Da yawa daga cikinsu tare muka riƙa yin sujada ran Lahadi. To, a wannan mako za mu leƙa ƙasar tasu, mu shiga wani ɗaki da ba ya cika sai dare ya raba, inda samari suke kewaye da wani tebur mai koren ƙyalle, kuɗi kuma suna ta canja hannu har gari ya waye. A irin wannan ɗaki ne aka reni waɗansu daga cikin gwanayen wasan bilyar da duniya ba ta taɓa ganin kamarsu ba. A cikinsa ne kuma dubban iyalai suka yi asarar abincin bakinsu. Labarin yana da darasi domin iyaye da dattawan ekklesiya.

ƘASAR DA WASANTA

Filifin ƙasa ce ta tsibirai fiye da 7,000 a kudu maso gabashin Asiya. Ƙidayar shekarar 2020 ta nuna tana da mutum miliyan 109, kusan 79 cikin ɗari kuwa 'yan ɗarikar Katolika ne, ban da sauran Kirista na waɗansu ɗariku. Turawan Sifen sun mallake ta shekara fiye da 300, sa'an nan Amurka ta karɓa a 1898 har zuwa lokacin da ta sami 'yanci a 1946. Daga bakin Sifaniyawa suka aro sunan wasan, wato bilyar, amma irin wanda Amurkawa suke yi shi ne ya bazu a ƙasar, musamman a garuruwan da suke kusa da sansanonin sojan Amurka, kamar na jiragen sama na Clark da ke garin Angeles, wanda aka rufe a 1991.

Bilyar ɗan'uwan sunuka ne wanda muka sani a unguwanninmu. Teburinsa yana da rami shida, sai dai ya fi na sunuka ƙanƙanta, ramukan sun fi faɗi, ƙwallayen kuma suna da lamba daga 1 zuwa 15. Ɗan wasa yakan buga farar ƙwallo da bakin sanda, ita kuma ta tura sauran cikin rami. Ɗakin wasan suna kiransa bilyaran. Akwai manya masu na'urar sanyaya ɗaki a cikin biranen Manila da Quezon, akwai kuma ƙanana a kusan kowane lungu, rumfar kwano kawai da tebur ɗaya da fitila a rataye, kusa da mai sayar da sigari da lemo.

YADDA DARE KE TAFIYA

Da rana yara da marasa aiki ne suke wasa a kan 'yan canji, ko kuwa wanda aka cinye ya biya kuɗin tebur. Babban wasa sai dare, bayan zafin rana ya sauka, 'yan kasuwa sun rufe shaguna, masu kuɗi sun fito. Kafin a taɓa sanda sai an yi ciniki, wani lokaci cinikin yakan fi wasan kansa ɗaukar lokaci. Za a daidaita yawan kuɗin da kowane ɓangare zai zuba, abin da suke kira pusta. Za a daidaita yawan zagayen da mutum zai ci kafin a ce ya yi nasara, ko 15, ko 20, ko fiye. Sa'an nan a zo kan rangwame, wanda suke kira partida, wato idan ɗaya ya fi ɗaya gwaninta, sai gwanin ya yarda a ba abokin karawarsa waɗansu maki ko zagaye kyauta tun kafin a fara. A nan ne wayo yake. Gwani yakan ɓoye gwanintarsa kwana da kwanaki, yana faɗuwa da gangan a ƙananan wasanni, domin ranar da kuɗi suka yi yawa a ba shi rangwamen da bai cancanta ba.

Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne, sau da yawa kuɗin da ke kan tebur ba na ɗan wasan ba ne. Yana da ubangida, wani ɗan kasuwa ko ɗan siyasa ko mai ɗakin wasa, wanda yake zuba kuɗin, yana ciyar da shi, yana biyan kuɗin motarsa daga gari zuwa gari. In an ci, ubangida ya ɗauki babban rabo ya ba yaron kasonsa. In an faɗi, asarar kuɗi ta ubangida ce, amma yaron ya shiga bashin alheri, kuma in faɗuwa ta yi yawa sai a yar da shi a nemi wani. Hausawa suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bayan waɗannan kuma ga 'yan kallo, waɗanda suke kira miron, sun yi da'ira har bakin ƙofa, kowa yana cacarsa a gefe da na kusa da shi. Direban babur mai ɗaukar fasinja yana iya zuba cinikinsa na yini ɗungum a kan yaron unguwarsu. Sau da yawa kuɗin gefe sukan fi na tsakiya yawa. Saboda haka idan aka yi zargin ɗan wasa ya haɗa baki da ɗaya ɓangaren ya faɗi da gangan, to, ransa ma yana cikin hatsari, gama mutane da yawa ne ya cuta a dare ɗaya.

Me ya sa ake kaiwa asuba? Dalili shi ne, a al'adar 'yan caca abin kunya ne mutum ya ci ya tashi alhali wanda aka cinye yana da sauran kuɗi yana kuma neman a sake. Wanda ya faɗi yakan nemi a ninka kuɗin ko a gyara rangwame, yana sa zuciya zai fanshe. Haka za a yi ta yi, ana shan gahawa da sigari, har ɗaya ya tashi hannu wofi. Shi kuma wanda ya ci ba zai tafi da kuɗinsa cif ba, gama akwai al'adar da suke kira balato, wato rabon da mai nasara yake yi wa abokai da 'yan'uwa da duk wanda ya tsaya a bayansa. Wanda ya hana balato sunansa ya ɓaci. Ta haka kuɗin caca sukan watse tun kafin su kai gida. A watan Disamba, daga ran 16 zuwa 24, Kiristan Filifin suna da sujadar asuba ta kwana tara wadda suke kira Simbang Gabi. A waɗannan kwanaki masu zuwa majami'a da masu fitowa daga bilyaran a hanya ɗaya suke haɗuwa, wani lokaci ma 'yan gida ɗaya ne.

YARON DA YA KWANA A KAN TEBUR

Ba a maganar bilyar a Filifin ba tare da an ambaci Efren Reyes ba. An haife shi a 1954 a lardin Pampanga, cikin gidan talakawa masu 'ya'ya da yawa. Yana ɗan shekara 5 aka kai shi Manila wurin ɗan'uwan iyayensa, wanda yake da ɗakin bilyar mai suna Lucky 13. Aikinsa shi ne jera ƙwallaye da share tebur, in dare ya yi kuma a kan teburin yake kwana. Da yake tsawonsa bai kai ba, sai ya riƙa taka akwatin kwalaben Coca-Cola kafin ya buga. Tun bai kai shekara 10 ba ya fara wasa a kan kuɗi. Akwai wani babban ɗan wasa mai suna Efren a lokacin, sai aka laƙaba wa ƙaramin "Bata", wato yaro da harshen Tagalog, sunan kuwa ya bi shi har tsufansa.

Da ya zama saurayi ya riƙa karawa da sojojin Amurka a Angeles, har sunansa ya ƙetare teku kafin shi kansa ya ƙetare. Ya kai matsayin da ba mai yarda ya kara da shi a gida sai da rangwame mai yawa. A 1985 ya shiga wata gasa a birnin Houston na jihar Texas da sunan aro, Cesar Morales, domin kada 'yan cacar Amurka su gane shi su gudu. Ya lashe gasar. Kafin shi Jose Parica ya riga ya buɗe wa 'yan Filifin hanyar Amurka, bayansa kuma waɗansu suka biyo.

A 1994 Reyes ya zama mutum na fari wanda ba Ba'amurke ba da ya ci gasar US Open ta wasan ƙwallo tara. A 1996 aka shirya masa karawa da gwanin Amurka Earl Strickland a Hong Kong, kwana uku ana yi, wanda ya fara cin zagaye 120 ya ɗauki dala 100,000. Reyes yana baya da nisa, amma ya farfaɗo ya ci 120 da 117. A 1999 ya zama zakaran duniya a birnin Cardiff na Birtaniya, mutanen ƙasarsa suna kallo a talabijin cikin tsakar dare. Wannan nasara ce ta sa ɗakunan bilyar suka ƙara yaɗuwa a Filifin kamar wutar daji. A 2006 ya ci dala 500,000 a gasa ɗaya a birnin Reno na Amurka, a shekarar kuma shi da Francisco Bustamante suka ɗauki kofin duniya na 'yan wasa bibbiyu, suka sake ɗauka a 2009.

Ba shi kaɗai ba ne. Ronnie Alcano ya zama zakaran duniya a 2006, Bustamante a 2010. Dennis Orcollo, wanda ya taso cikin masunta a tsibirin Mindanao, ya ci gasar duniya ta ƙwallo takwas a 2011, ana kuma yi masa kirari da sarkin wasan kuɗi. Carlo Biado, wanda ya yi aikin ɗaukar wa masu wasan golf jaka, ya zama zakaran duniya a Doha a 2017, ya sake a Jidda a 2025. A ɓangaren mata ma akwai Rubilen Amit, wadda ta ci gasar duniya a 2009 da 2013 da 2024.

INA ASIRIN GWANINTAR?

Masana wasan sukan kawo dalili biyu. Na fari shi ne irin wasan da yaran Filifin suke tashi da shi, wanda ake kira roteshan, wato bi-da-bi. Dole farar ƙwallo ta fara taɓa ƙwallo mafi ƙanƙantar lamba da ta rage a tebur, kowace ƙwallo kuma makinta daidai da lambarta. In aka tara daga 1 zuwa 15 za a sami 120, saboda haka wanda ya fara kai 61 ya ci. Da yake ƙwallaye 15 sun cika tebur, sau da yawa wadda ake nema tana ɓoye a bayan waɗansu, sai yaro ya koyi bi da farar ƙwallo ta jikin gefen tebur sau biyu ko uku kafin ta isa. Ga zafi da laima suna sa ƙyalle nauyi, teburan lungu kuma ba su da daidaito. Wanda ya ƙware a nan, in ya sami tebur mai kyau da ƙwallo tara kacal, abin ya zama masa wasan yara.

Dalili na biyu shi ne wanda ya dame mu. 'Yan wasan da kansu sukan ce caca ce ta gasa su. Yaron da ya saba buga ƙwallo alhali ya san in ya kuskure ba abincin dare, ga kuɗin ubangida da na rabin unguwa a wuyansa, hannunsa ba ya rawa a gaban kyamarar talabijin. Ba za mu musa wannan ba, gama gaskiya ce. Amma wanda ya yaba wa wuta domin ta gasa tukunya ɗaya, sai ya ƙirga tukwanen da suka fashe a cikinta.

WAƊANDA BA A ƘIRGA BA

Sunayen zakarun da muka lissafta ba su cika yatsun hannu biyu ba. A bayansu akwai samari da ba su ƙirguwa waɗanda suka bar aji domin tebur, suka kai shekara 30 ko 40, ido ya fara rauni, ba takardar shaida, ba sana'a, ubangida kuma ya sami sabon yaro. Akwai matan da suke jiran kuɗin shinkafa har asuba, miji ya shigo da aljihu wofi da alkawarin gobe zai fanshe. Akwai bashin nan da ya yi suna a ƙasar, wanda suke kira biyar-shida, wato ka ranci peso 5 ka biya 6, wanda talaka yake faɗawa ciki in caca ta cinye jarinsa. Ƙananan hukumomi da dama sun kafa dokar hana 'yan makaranta shiga bilyaran a lokacin karatu, wannan kaɗai ya isa ya nuna girman matsalar. Shi kansa Reyes an san shi da sauƙin kai da yawan kyauta, amma labarinsa ya zama tarko ga yaran da suke gani kamar kowa zai iya bin sawunsa. Ba a buga labarin wanda ya faɗi a jarida.

Cacar bilyar kuma reshe ɗaya ce ta babban itace. Akwai faɗan zakaru, wato sabong, wanda ake cika filinsa ran Lahadi. Wani abin baƙin ciki ga kowane mai bi shi ne, mutumin da yake karɓar caca a filin, yana miƙe hannuwansa biyu yana kiran kuɗi, sunan da suke kiransa da shi shi ne kristo, saboda kamannin miƙe hannun da na gicciye. Wannan ya tuna mana da abin da Bishara ta hannun Yohanna sura 19 ta faɗa, yadda sojoji suka jefa ƙuri'a a kan rigar Ubangijinmu a gindin gicciye. Akwai kuma cacar lambobi ta haram mai suna jueteng, inda mutum yake zaɓen lamba biyu tsakanin 1 da 37. Zargin karɓar kuɗin wannan caca ne ya tayar da rikicin da ya kai ga saukar Shugaba Joseph Estrada daga mulki a watan Janairu na 2001. A watan Mayu na 2022 kuma Shugaba Rodrigo Duterte ya ba da umarnin dakatar da cacar faɗan zakaru ta intanet, bayan mutum fiye da 30 masu alaƙa da harkar sun ɓace.

MURYAR EKKLESIYA

Ekklesiya a Filifin ba ta yi shiru ba. Babban Bishop Oscar Cruz na Lingayen da Dagupan, wanda ya rasu a 2020, ya shafe shekaru yana yaƙi da jueteng, yana fallasa yadda kuɗinta suke shiga aljihun masu mulki. Taron bishop-bishop na ƙasar ya sha yin gargaɗi a kan yaɗuwar caca, ta haram da wadda gwamnati ta ba lasisi. Koyarwar Katolika ita ce wasan sa'a a kan kansa ba lallai ya zama zalunci ba, amma ya zama abin ƙi da zarar ya hana mutum abin biyan bukatar kansa da ta iyalinsa, yana kuma iya mai da mutum bawa. Ɗarikun bishara da yawa sun fi tsanantawa, suna hana caca ɗungum. Ko ta wace fuska aka duba, daren bilyaran ya faɗa cikin abin da aka hana, gama kuɗin shinkafar yara ne a kan tebur. Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti a kan son kuɗi da marmarin yin arziki da gaggawa, ya kuma tsawata wa wanda ba ya kula da mutanen gidansa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Amma akwai tambayar da wa'azi kaɗai ba ya amsawa. Lokacin da Efren yake ɗan shekara 5, wa ya ba shi wurin kwana da abinci? Ɗakin bilyar. Lokacin da baiwarsa ta fara bayyana, wa ya fara ganinta, ya zuba kuɗinsa a kanta? Ɗan caca. Ido mai auna kusurwa, da hannu marar rawa, da haƙurin maimaita bugu ɗaya sau ɗari, duk kyautar Allah ce, irin wadda take sa mutum ya zama injiniya ko likitan fiɗa ko kafinta na ƙwarai. Teburin kansa katako ne da dutse da ƙyalle, ba shi da laifi. An ga haka a fili sa'ad da 'yan kasuwa irin iyalin Puyat suka ɗauki nauyin 'yan wasa zuwa gasa ta gaskiya, inda ake ba gwani lada bisa ga gwanintarsa, ba wanda kuma yake komawa gida a tsiyace domin wani ya ci. Abin da ya faru a lungunan Manila shi ne masu caca sun riga kowa isa wurin yaran.

MU FA?

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Teburan sunuka suna nan a unguwanninmu, yaranmu kuma suna kewaye da su har dare, 'yan kuɗi suna wucewa a ƙarƙashin hannu. Ga kuma shagunan cacar ƙwallon ƙafa, ga ta cikin wayar hannu wadda ba ta bukatar mutum ya fita daga ɗaki. Wani yaron da yake can ɗan ƙungiyar mawaƙa ne, wani kuma ɗan dattijon ekklesiya.

Muna roƙon iyaye su san inda 'ya'yansu suke bayan ƙarfe 9 na dare, su kuma tambayi asalin kowane kuɗi da yaro ya shigo da shi gida, ko da ya kawo shi da sunan taimako. Uwar da ta karɓi kuɗin caca ta yi cefane ta ɗaure wa abin gindi. Muna roƙon dattawa da shugabannin zumuntar matasa kada su tsaya ga tsawa daga bagade. Ekklesiyar da take da ɗakin taro a rufe kwana shida a mako tana iya sa tebur a ciki, da babba mai lura, da lokacin tashi, a shirya gasa mai kyauta ba tare da kowa ya zuba kuɗi ba. Wanda kuma aka ga yana da kaifin ido da natsuwar hannu, a riƙe shi a makaranta ko a kai shi wurin koyon sana'a tun wani bai riga mu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A cikin misalin talanti da ke Matiyu sura 25, maigida ya komo ya nemi lissafin abin da ya danƙa wa bayinsa. Yaran nan da baiwarsu amana ce a hannunmu, za a kuwa tambaye mu. Mu tuna da 'yan'uwanmu na Filifin cikin addu'a, musamman matan da suke zaman jira har asuba. Ubangiji ya ba mu idon ganin baiwar 'ya'yanmu da wuri, da zuciyar renonta. Amin.